Zuwa Ga WikkiTimes, Bauchi: Wa Ke Ciyar Da Mai Bincike?



Na ɗauki alƙalami ne a kan maganar da gidajen jarida ba su cika son a yi ta a bainar jama'a ba, wato maganar kuɗi. Wa ke biyan mai bincike albashi? Wa ke zuba wa babur ɗinsa mai? Ranar da aka maka shi a kotu, wa ke sallamar lauya? Shi kuma wanda ya biya ɗin, me yake sa ran za a yi masa?

Ke na zaɓa a cikin takwarorinki saboda ba a Legas kike ba, ba kuma a Abuja ba. Tun da Haruna Mohammed Salisu ya kafa ki a 2018, Bauchi kika riƙa gida, a tsakiyar mutanen da kike rubutu a kansu. Kasuwarku ɗaya, maƙabartarku ɗaya, kuma wanda kika buga sunansa da safe yana iya tsayawa sahu ɗaya da wakilinki a sallar la'asar. Darajarki ke nan, kuma shi ya sa hanyarki ta fi tasu ƙaya.

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukanmu ya san allon kwangila. An kafa shi a bakin hanya, an rubuta sunan ma'aikatar da ta ba da aikin, da na ɗan majalisar da ya kawo shi, da na kamfanin da ya yi. A bayan allon ga tankin ruwa a kan ƙarafa, ga famfuna a jere sun yi tsatsa, awaki na kwance a inuwar tankin, yara kuma sun wuce da jarkoki sun nufi rafi. Mutanen garin ba sa bukatar kowa ya gaya musu babu ruwa. Abin da ya ɓace musu shi ne nawa aka ware, wa aka ba, an biya shi duka ko rabi, wa ya sa hannu a takardar da ta ce an kammala aiki, sannan shi kamfanin na waye idan aka bi rajistarsa. Tsakanin abin da talaka ke gani da idonsa da abin da ke kwance a fayil akwai rata mai faɗi, kuma cike ta shi ne aikinki. Shekara da shekaru ana ware wajen naira biliyan 100 a kasafin tarayya don ayyukan mazaɓu kaɗai, har hukumar ICPC ta fara bin sawunsu a 2019. Amma ICPC ba za ta leƙa kowace gunduma ba, manyan jaridu kuma sai an kashe mutane da yawa suke tuna akwai gari a wajen.

A takarda, doka tana tare da ke. Dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau. A Yulin 2024 kotun ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma Bauchi kaɗai tana da guda 20, kowace da asusun da ya kamata a sa wa ido. Sai dai doka ba ta da ƙafa. Sai wani ya rubuta takarda ya kai, ya karɓi shaidar an amsa, ya koma bayan mako a ce masa mai sa hannu ya yi tafiya, ya sake komawa, sannan ya shiga mota zuwa Ningi ko Gamawa ko Bogoro ya gane wa idonsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin kowace irin wannan tafiya ya ninka ya sake ninkawa. Labarin bincike guda yana iya cinye wa ma'aikaci wata biyu, kuma ranar da ya fito ba mai sayensa. A waya za a karanta kyauta, a tura wa abokai, a wuce.

To daga ina kuɗin zai fito?

Hanyar da aka saba kowa ya san ta. An gama taron manema labarai, an naɗe wayoyin makirufo, sai jami'in yaɗa labarai ya zagayo da takarda, kowa ya rubuta sunansa da gidan da yake wa aiki. Can a bayan zaure a miƙa wa babba a cikinsu ambulan, a ce ga kuɗin mota. Ba na iya zagin yaron da ya karɓa, domin sau da yawa ya yi watanni bai ga albashi ba, akwai ma gidajen da katin shaida kawai suke ba ma'aikaci su ce ya je ya nemi abincinsa da shi. Amma duk tausayin da za a ji masa, hannun da ya karɓi ambulan ranar Litinin ba zai rubuta binciken kwangila ranar Alhamis ba. A rediyo kuwa abin har farashi gare shi: a sayi fili, a zuba sojojin baka, kowa ya wanke ubangidansa ya shafa wa na wani baƙi.

Talla ma an gwada. Jaridar NEXT da Dele Olojede ya kafa a Legas ta hana ma'aikatanta karɓar ambulan, ta biya su albashin kirki, ta dogara da talla da sayar da takarda. Da ta fara taɓa manya a harkar man fetur da fadar shugaban ƙasa, masu talla suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, a 2011 ta daina fitowa. Idan haka ta faru a Legas, inda bankuna da kamfanonin waya suke, ina ga Bauchi, inda babban mai ba da talla shi ne gidan gwamnati? Tsofaffin ma'aikatan NEXT, Dapo Olorunyomi da Musikilu Mojeed, su suka kafa Premium Times a wannan shekarar, kuma ba a jima ba suka buɗe wata cibiyar bincike a gefenta wadda ba ta neman riba, don sun ga ramin da aka faɗa.

Jaridar da hukuma ke ciyarwa kuwa, mu a Arewa mun fi kowa saninta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma ba mai raina abin da ta yi wa harshenmu, amma daga hukuma kuɗinta ke fitowa. New Nigerian ta zo a 1966, ta yi zamanin da masu mulki ke shakkar sharhinta, ta ƙare da bashin albashi da injina a rufe. Triumph da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, uwar Albishir da Alfijir ta ajami, an rufe ta a 2012, daga baya aka sake buɗewa, gwargwadon ra'ayin wanda ke kan kujera. A garinki ma an taɓa gani. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna da zauren tattaunawa a Bauchi da yardar Turawan mulki. An yi ta muhawara lafiya, har ranar da tambaya ta kai ga albashin sarakuna. Daga nan zauren bai daɗe ba.

Saura hanyar da kika bi, ke da irin su ICIR da HumAngle da Solacebase ta Kano: tallafin gidauniyoyi. A ƙarshen rahotanninki da dama akwai layin da ke cewa an yi aikin ne da taimakon Cibiyar Wole Soyinka ta binciken jarida, da kuɗin Gidauniyar MacArthur. Ina ganin girman wannan layin, domin kin faɗa wa mai karatu gaskiya tun bai tambaya ba. Kuma ba na cikin masu cewa duk wanda ya karɓi dala ɗan koren Turawa ne. Gwamnatocin da ke yaɗa wannan zargin su ma da tallafin waje suke yin rigakafi da gina azuzuwa. MacArthur tana da ofis a Najeriya tun 1994, Dokta Kole Shettima, ɗan jihar Yobe, ya daɗe yana jagorantarsa, kuma shirinta na yaƙi da rashawa ya zuba wajen dala miliyan 150 a ƙungiyoyi da hukumomi da gidajen jarida cikin kusan shekara goma. Ba don wannan kuɗin ba, da rahotanni masu yawa a kan asibitocin karkara da makarantun firamare da haƙar ma'adinai ba su ga hasken rana ba, da kuma matasa da yawa da suka iya karanta kasafin kuɗi yau suna can suna jiran ambulan.

Amma shirin ya ƙare a 2024, kamar yadda aka tsara shi tun farko. Ba a gama jimamin wannan ba sai ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a waje, aka wargaza hukumar USAID. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta ce dala miliyan 268 da majalisar Amurka ta ware wa kafofin labarai masu zaman kansu a duniya a wannan shekarar ta maƙale. A watan Maris, Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ake saurare tun 1979, ya yi tsit. Ba wanda ya tambayi mai sauraro a Azare ko Maraɗi ra'ayinsa. Kada kuma a ɗauka matsalar ta matalautan ƙasashe ce kawai. A birnin Houston na Amurka an kafa wata jaridar gari mai suna Houston Landing a 2023, ba don riba ba, da jarin da ya haura dala miliyan 20 daga manyan gidauniyoyi. A 2025 ta rufe. Kuɗin yana da yawa, amma hannayen da suka bayar kaɗan ne, kuma mutanen garin ba su kai ga ɗaukar ta tasu ba.

Akwai kuma abin da ya fi yankewar kuɗi ɓuya. Mai tallafi na kirki ba ya kiran edita ya ce a cire sunan wane. Shi dai zai ce bana kuɗinsa na sauyin yanayi ne, baɗi na ma'adinai, shekara ta gaba na lafiyar mata, sai ka ga duk gidajen bincike sun juya fuska wuri guda. Batutuwan duka masu muhimmanci ne, ba na musu. Amma wa ya zaɓa? Manomin da aka yanka gonar gadonsa filaye, da maniyyacin da ya biya kuɗin kujera bai tashi ba, da tsohon malamin makarantar da ya mutu yana bin garatuti, da garin da takin gwamnati ya bi ta kansa a tirela bai sauka ba, babu gidauniyar da ta buɗe musu babi. Idan jadawalin masu tallafi ne ke tsara abin da za a bincika, an rasa rabin 'yanci tun kafin a ɗauki biro. Ga kuma matsin adadi: an yi alkawarin rahoto kaza cikin wata shida, dole a cika a rubuta wa mai kuɗi bayani. Bincike kuwa ba ya jin kalanda. Wani sai an shekara ana binsa, wani kuma a ƙarshe a gano mutumin ba shi da laifi, a ajiye fayil ɗin ba a buga ko layi ɗaya ba, kuma wannan ma aiki ne da ya cancanci albashi. Editan da adadi ke kora shi ke sakin labari ɗanye.

Shi ya sa nake roƙonki ki rubuta dokokin kuɗinki, ki manna su inda kowa zai gani. Ba sabon abu ba ne. Cibiyar amaBhungane ta Afirka ta Kudu ba ta ɗaukar talla, ba ta karɓar kuɗin gwamnati ko na kamfani, ba ta karɓar kuɗin da aka ɗaura wa wani labari na musamman, kuma tana buga sunayen manyan masu ba ta. Ita da abokan aikinta ne suka bankaɗo wasiƙun iyalan Gupta a 2017, badaƙalar da ta taimaka wajen saukar Jacob Zuma daga mulki a Fabrairun 2018. A 2023 wani kamfani ya samo umarnin kotu a bayan idonsu don toshe musu baki, bayan wata guda babbar kotu ta yi watsi da shi. A Amurka, ƙungiyar da ta haɗa jaridun da ba sa neman riba ta sa wa mambobinta sharaɗin bayyana duk wanda ya ba da dala 5,000 ko fiye a shekara. Ke ma shafi guda ya isa, da Hausa da Turanci, sau ɗaya a shekara: ga wanda ya bayar, ga nawa, ga abin da ya ce a yi da shi, ga abin da ya tafi a albashi, ga na tafiye-tafiye, ga na lauya. Wadda ke neman gwamna ya buɗe littafinsa, ya dace nata ya kasance a buɗe. Kuma tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai murhu ya cika uku. Kada ki bar hannu guda ya riƙe kason da idan ya janye za ki kife.

Na san a ƙaramin gida mutum ɗaya ne mawallafi, shi ne edita, shi ne mai rubuta takardar neman tallafi da dare. Ba laifinsa ba ne, ƙarancin hannu ne. Amma mutumin da ya yini yana lallashin mai kuɗi bai kamata a bar shi shi kaɗai ya yanke hukuncin labarin da ya shafi abokin mai kuɗin ba. A samu kwamitin amintattu na gaske, ba taron abokai ba: tsohon alƙali, malamar jami'a, wani dattijon ɗan jarida da ba ya neman muƙami, mutanen da za su iya ce wa mai gidan kansa a'a.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, a wurinmu ba kuɗi ne ya fi lanƙwasa alƙalami ba. Zumunci ne, kuma wannan babu littafin koyon aikin jarida da aka rubuta a waje da ya san shi. An tura wa mutum tambayoyi da hantsi, kafin isha'i kawun wakilinki ya yi sallama a ƙofar gida. Ba barazana ta kawo shi ba. Za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gyara zama ya ce, "Ɗana, mutumin nan da kake bi, ka manta shi ya kai gyatumarka asibiti? Ka rufa masa asiri, Allah ya rufa naka." Gobe limamin unguwa, jibi surukai, gata a ce maimartaba ya ji labari. Yaron da ya iya tsayawa gaban ɗan sanda bai girgiza ba, a gaban kawunsa sai ya sunkuyar da kai, kuma tarbiyyar da ta sa ya sunkuyar ɗin ba abin da za a raina ba ce. Da ita muke zaune lafiya.

Kada ki bar shi shi kaɗai da wannan nauyin. Idan labari ya shafi garinsu ko danginsa, a miƙa wa wani. Hukuncin bugawa ya zama na gida ne ba nasa ba, yadda zai iya duban kawun ya ce, "Kawu, wallahi ya fita hannuna," kuma ya zama gaskiya ya faɗa. Sannan ki koya wa yaranki amsar da ke cikin addininsu da tarihinsu, domin da sunan addini ake zuwa musu, a ce suna giba, suna tonon silili. Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya ware babi a kan wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta, ya lissafa shida, a ciki har da kai kukan zalunci da yi wa jama'a gargaɗi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya sa karɓar gaisuwa daga talakawa cikin halayen mulkin zalunci, bai kuma rubuta a ɓoye ba. Rufin asiri na laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Kuɗin asibitin gari haƙƙin mutane ne, kuma matar da ta rasu a kan naƙuda a bayan a-kori-kura, ana neman asibitin da ke da ungozoma, ita ma tana da kawu.

Wannan izinin yana da sharaɗi mai nauyi, kuma a kanki yake. Sai an tabbatar. Takarda a hannu, shaida fiye da ɗaya, a ji ta bakin wanda ake zargi a ba shi lokaci na gaske, ba a kira shi sau ɗaya ana saura awa guda a buga a ce bai ɗauka ba. Idan an yi kuskure a gyara a fili, a wurin da aka yi shi, da girman da aka yi shi. Ƙazafi guda yana iya rushe amanar shekara biyar, kuma masu jiran ki yi tuntuɓe suna da yawa.

Ke kin fi ni saninsu. Ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairun 2023, an kama mawallafinki a Duguri, mahaifar gwamnan jihar, yana ɗaukar bayanan wasu mata masu ƙorafi, ya yi kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa, har ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta yi magana. Ba ita ce shari'arki ta farko ba, ba kuma ta ƙarshe ba. A jihohin Arewa har yau ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa a ƙarƙashin dokar Final Kod, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ko bayan gyaran 2024 ba a daina kama 'yan jarida da shi ba. Sau da yawa mai shigar da irin wannan ƙara ba nasara yake nema ba, so yake ki gaji. Kowace ɗage zama kuɗin mota ce, kuɗin lauya ce, ranar aiki ce da ta tafi. Jaafar Jaafar na Daily Nigerian, wanda a 2018 ya saki faifan bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin da karɓar dala, zargin da gwamnan ya musanta, sai da ya bar ƙasar a 2021 don tsoron ransa. Bagauda Kaltho, ɗan Billiri a tsohuwar jihar Bauchi, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996 zamanin Abacha, iyalinsa ba su samu gawar da za su binne ba. Saboda haka a duk kasafin da za ki rubuta, asusun lauya ya zo kafin sabuwar kyamara. Babban labari kuma kada ki fitar da shi ke kaɗai. Idan gidaje biyar suka buga rana ɗaya, toshe baki yana tsada.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Galibin dogayen bincikenki da Turanci suke fita, a intanet. Alƙalan gasa suna karantawa, jami'an gidauniyoyi suna karantawa, wanda ake zargi ma yana karantawa da lauyansa. Matar da aka ɗauki hotonta a bakin busasshen famfo fa? Sau da yawa har abada ba za ta ji abin da aka gano ba. An zo, an yi mata tambayoyi, an tafi. Alhali ita ce mai labarin, ita ce mai ƙuri'a, ita ce za ta iya tare ɗan majalisa ranar da ya zo kamfe ta ce masa an ware miliyan kaza, ina ruwa? Mutanenmu da kunne suke karatu. Duk binciken da bai zama minti goma na Hausa a rediyo ba, bai zama saƙon murya da za a tura a WhatsApp daga waya zuwa waya ba, ba a karanta shi a dandalin garin da abin ya shafa ba, to bai isa gida ba tukuna. Duk ƙoƙarin da kika fara ta wannan fuska, ki mayar da shi gindin aikin, kada ya tsaya a matsayin ƙari idan kuɗi ya ragu. Ki koma garin bayan wata shida ki ga ko an gyara, ki faɗa mana ko an gyara ko ba a gyara ba.

Ba don lada kaɗai nake wannan maganar ba, maganar kuɗin ce dai har yanzu. Mutum ba ya ciyar da abin da bai san amfaninsa ba. Ana cewa mutanenmu ba sa biyan kuɗin labari, ni kuwa ina ganin ba a taɓa roƙonsu da gaske ba. Mutanen da ke gina masallacin Juma'a da karo-karo, suke haɗa wa marar lafiya kuɗin tiyata cikin awa biyu idan an yi cigiya a rediyo, suke zubin adashi shekara da shekaru ba a ci amana ba, ba za a ce ba su iya bayarwa ba. Mutum 5,000, kowa naira 1,000 a wata, naira miliyan 5 ke nan. Ba za ta maye gurbin MacArthur ba, amma za ta biya 'yan ma'aikata, ta zuba mai, kuma ba gwamna ko shugaban wata ƙasa da zai iya yanke ta da sa hannu ɗaya. Ga malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ga ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, ga 'yan Bauchi da Gombe da Yobe da ke aiki a Abuja da Fatakwal da Jidda da Landan, waɗanda kullum suke tambayar me ke faruwa a gida.

Masu hali kuma akwai ƙofar da ta dace da su, wadda muka gada amma muka taƙaita ta ga rijiya da maƙabarta: wakafi. Jaridar Guardian ta Ingila tana hannun wata amana tun 1936, wadda iyalan Scott suka kafa suka sallama mallakarsu don kada a sayar da jaridar ko a juya ta. A 2016 wani attajiri, Gerry Lenfest, ya ba da jaridar Philadelphia Inquirer kyauta ga wata cibiya da ba ta neman riba. Abin da suka yi da lauyoyi, mu fiƙihunmu ya daɗe da tsara shi: abin da aka yi wakafi da shi ya fita hannun mai shi, ba ya sayarwa, ba ya karɓewa, ba a gadonsa. Jerin shaguna goma a bakin kasuwa, ko gida mai hawa biyu da ake haya, a tsayar da kuɗin hayar ga aikin bin diddigin dukiyar jama'a. Ki nemi malamai su yi bayanin halaccinsa, ki nemi lauya ya rubuta sharuɗɗan yadda ko ɗan mai wakafin aka kama da kwangilar bogi za a buga. Wanda ya ji wannan sharaɗin ya fasa, ki gode masa ki bar shi ya tafi da shagunansa.

Mu masu karatu ma akwai bashi a kanmu. Mun daɗe muna tura rahotanninki muna rubuta "Allah ya saka" a ƙasa, ranar zaman kotu kuwa benci babu kowa sai lauya da wanda ake ƙara. Ki riƙa sanar da mu ranar zama da kotun da za a yi, mu zo mu cika benci. Ki sa lambar asusu a ƙarshen kowane rahoto, a faɗe ta a rediyo da Hausa, kuma a ƙarshen kowane wata ki gaya mana nawa ya shigo, mutum nawa suka bayar, ko da su goma sha biyu ne. Ina so sunana ya kasance a cikin na watan farko.

Ki gaishe mini da ma'aikata duka, musamman masu zuwa ƙauyuka. Allah ya tsare hanya.

Wassalam,
Wani mai karanta ki.